Ambulan Uku

Ni ke riƙe da mabuɗin akwatin.
Shekara tara ina masinja a ma'aikatar magajin gari,
ƙafata ta san kowane tudu daga Birni har Zango,
hannuna ya san nauyin takarda tun ba a buɗe ta ba.

Bana ma an liƙa sanarwa a bango:
ana neman ɗan kwangila
da zai kawo mutum arba'in, na wata uku,
su yashe magudanan ruwa kafin hadari ya haɗo daga gabas.
Ba aikin dindindin ba ne.
Ruwa na ɗaukewa, suna ya goge.

Ambulan uku suka faɗa akwati.
Na Alhaji Mutari ya zo da ƙanshin turare,
direba ya miƙo, bai ko kashe mota ba.
Hajiya Cima da ƙafarta ta kawo nata,
ta tambayi jikin tsohuwata, har sunanta ta kira.
Na ukun na wani yaro ne, Kiyari, sabon shiga,
saura minti biyar a rufe ya iso,
gumi ya jiƙa gefen hatiminsa.

Ranar Talata aka zauna.
Fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi.
Mutum biyar a tebur,
na shida ni, a tsaye, da almakashi.
Sakatare ya gyara tabarau.
Takardar haraji? Akwai.
Rajistar kasuwanci? Akwai.
Shaidar aikin da aka taɓa yi?
Nan Kiyari ya zame.
Ina za a ga sawun wanda ba a bari ya taka ba?

Saura biyu. Sai maganar kuɗi.
Hajiya ta rubuta jika biyu da rabi, kowane kai, kowace rana.
Alhaji ya rubuta jika biyu cif.
Doka ta ce a ba mai sauƙi.
Na rantse ban ga hannu ya bi ƙarƙashin tebur ba,
ban ji an yi raɗa ba,
komai a fili kamar duwatsun garin nan.
Aka sa hannu. Hatimi ya ce tim.

Da kowa ya watse,
ina harhaɗa takardu in kai kabad,
sai idona ya faɗa kan jerin sunaye.
Bura mai kurar ruwa na Garin Malam.
Indo ta Kara-Kara, wadda shebur ya kusa fin ta tsawo.
Na buɗe na biyu: Bura, Indo.
Na buɗe na uku: su ne dai.
Ga Lawali ɗan ƙanwata,
na sha bakwai a wajen Alhaji,
na tara a wajen Hajiya,
a wajen Kiyari shi ne na fari,
don benci ɗaya suka zauna a makaranta.

Ashe mutum uku sun yi takara da gumi ɗaya.

To, rabin jikar nan da gari ya tsira da shi,
daga ina aka yanko?
Ba daga man motar Alhaji ba, na sani.
Daga safar hannu ne,
daga takalmin roba da ba za a saya ba,
daga ƙosan safe da zai koma kunu zalla,
ƙafa tsirara cikin kwata mai kwalba a ƙasa.
Wannan babu layinsa a takarda.
Ba wanda ya karya doka,
ni kuma aikina yanka bakin ambulan.

Da la'asar na tarar da Lawali a bakin ƙofa,
ya jingina da keken aro.
Kawu, wa ya ci?
Na ce, ka nemo ƙotar shebur, sunanka na ciki.
Ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana,
ya hau keke, ya nufi Kasuwar Dole
zai ci bashin shinkafa a kan albishir.

Bai tambaye ni nawa ba.

Can wajen hanyar Mirya an yi walƙiya sau ɗaya, ba tsawa.
Na koma ciki na rataye mabuɗi.